Alhamis ɗin da Kaka ya ce madalla

Ranar da sabuwar motar Kaka ta fara shiga kasuwar Gure, ni na tura ta. Ba ta mutu ba, lafiyarta lau, amma na tura ta. Mun tsaya ne bakin masu kanwa, Kaka yana gaisawa da wani ta taga, sai na ji injin ya yi tsit. Ni kuwa a tsohuwar akori-kurarsa na girma, wadda in ta yi shiru to aiki ya koma na kafaɗa. Ban tambayi kowa ba na dira, na naɗe hannun riga, na ƙwala wa masu dako kira. Kafin Kaka ya gama tambayar iyalin mutumin nan mun cika bayanta, har da wani dattijo da ya ɗaure ragonsa a turke ya zo taimako don Allah. Muna haɗa ƙarfi Kaka ya ɗaga ƙafa daga birki, motar ta sulale gaba abinta ko tari babu, mu kuwa muka zube kamar buhunan gero. Dattijon ya tashi yana kakkaɓe gemu ya tambaye ni ɗan gidan wa ne ni. Na faɗa masa sunan maƙwabcinmu.

Kawuna ne ya sayo motar, ƙanen mahaifiyata da ke aiki a Yamai. Irin wadda ake ce wa ibrid ce, tana shan mai kaɗan, sauran tafiyar da wani ƙaton batir take yi. Ya aiko ta da direba, kuma tun kafin ta iso ya sa aka sayar da akori-kurar ga wani mutumin Alakos mai jigilar awaki. Kawu ya ce ya gaji da jin labarin ubansa a bakin titi yana jiran masu turi. Duk unguwa aka zo gani. Iya, wato kakata mace, ta shiga ta zauna ta ce a kunna mata sanyin nan, ta ƙi fita sai da tuwonta ya kama.

Kaka ya yi godiya, ya sa albarka ta waya har muryarsa ta dushe. Washegari ya kira ni ya ce in ɗauko masa rediyonsa mu ɗaura.

Rediyon Kaka ba na jin labarai ba ne. Irin wanda ake magana da shi ne, ka faɗa a ji ka a wata ƙasa, a mayar maka. Yana da takardar izininsa a cikin leda, da haruffan da ake kiransa da su, waɗanda yake furtawa da Faransanci yana ɗaga haɓa kamar mai karɓar lambar yabo. Tun yana saurayi ya yi aikin aika saƙo ta iska can arewa, shi da wani abokinsa. Da suka ajiye aiki, Kaka ya dawo Gure, abokin ya koma ƙauyensu gaba da Taskar, wajen wata rijiya inda babu rezo, wato sabis na waya, ko na rantsuwa. Shi ma yana da nasa rediyon, da faifan rana na sola guda ɗaya. Duk Alhamis bayan la'asar suke haɗuwa a iska. Akwai kuma wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram da ke shiga tsakani, yawanci don ya gyara musu Faransanci.

A cikin gari ba a jin mutumin arewa, don muryarsa siririya ce, wayoyin wuta da na'urorin sola na maƙwabta suna cinye ta. Shi ya sa Kaka ke fita hanyar Kelle, zuwa wani tudu mai tauri da mota ke iya hawa. Da akori-kurar, tun muna hanya yake fara kira, hannu ɗaya a sitiyari. In mun kai sai ya kashe ta a kan gangara, hancinta na kallon ƙasa, saboda komowa.

Hirarsu kuwa, in ka ji ta, sai ka ce faɗa ne. Mutumin arewa zai ce: "Kai Bahaushen kwari, har yanzu kana raye?" Kaka ya ce: "Ina zan je in bar ka, wa zai riƙa gaya maka ranar mako?" Sai a shiga ruwan sama, da kuɗin raƙuma, da ciwon gwiwa, da wanda ya fi wani iya buga saƙo shekaru aru-aru da suka wuce. A ƙarshe kullum Kaka zai ce a gaida mai ɗaki, a ce mata yana jiran cukunsa, don duk shekara matar abokin tana aiko masa da cuku ta hannun direbobin kasuwa. Ban taɓa ganin mutumin ba. Kaka kansa ya ce rabonsa da ganinsa tun gemunsu yana baƙi.

Alhamis ta farko da sabuwar mota, muna barin kwalta Kaka ya murɗa rediyo. Abin da ya fito ba zan iya kwatanta shi daidai ba. Ka haɗa mai suyar ƙosai da injin niƙa da zuma cikin tulu, ka sa musu lasifika. In Kaka ya taka mota ƙarar ta hau sama tana kuka, in ya taka birki ta sauya murya kamar akuyar da aka taka wa wutsiya. Motar da ba ta da sauti a waje, ashe duk surutunta a cikin rediyo take zuba shi.

"Kai, ɗan nema, me ka taɓa?"

"Ni? Tsoho, tun da muka fito hannuna yana cikin aljihu."

"To fito da shi in gani."

Na fito da shi, dabino ne a ciki. Ya ƙwace ya ci, ƙarar ba ta daina ba.

A kan tudu muka gwada duk abin da muka sani. Na sauya wa eriya wuri. Na zare cajar wayata da na saƙala a ɓoye. Kaka ya sa na kafa ƙarfe a ƙasa na ɗaura waya na tsiyaya masa ruwan buta. Duk a banza. Mota tana tsaye, injin ba ya juyawa, amma muddin fitilar nan kore tana kunne a gabansa, suyar ƙosai ba ta tsayawa. Da haushi ya ishe shi ya danna maɓallin kashewa gaba ɗaya. Nan take iska ta washe, sai ga muryar mutumin arewa tar, yana tambaya ko Bahaushen kwari ya rasu ne a yi masa addu'a.

Suka yi hira ranar har rana ta yi ja, Kaka yana ta yabon kyautar ɗansa. Da muka tashi tafiya ya danna maɓalli, motar ta ƙi ko kallonmu. Ashe ƙaton batirin nan na tafiya ne kawai. Wanda rediyo ke sha wani ɗan ƙarami ne a baya, kuma shi ne ke tada ita, mun tsotse shi tas. Wannan karon na ce a tura, Kaka ya ce irin wannan ko duk Gure ta taru ba ta tashi da turi. Da ƙafa na koma bakin hanya na tsayar da wani mai ɗaukar itace, ya zo da wayoyinsa ya ba mu wuta. Ya zagaya motar yana kallo ya ce: "Alhaji, wannan ai ta gidan biki ce."

Daga nan Kaka ya shiga tsaka mai wuya. In ya bar mota a kunne, shi ana jin sa sarai, amma shi ba ya jin kowa. In ya kashe, sai ya yi hira da ido ɗaya a kan agogo. Ya koma gaisuwa a tsaitsaye, lafiya lau, lafiya lau, sai wani mako. Mutumin arewa ya fara cewa tun da Kaka ya yi sabuwar mota ya daina kula talakawa. Na ce wa Kaka ya gaya wa Kawu mana, ko ya sayi wani batir daban. Batir, ya ce zai saya in an sayar da albasar kwari. Maganar Kawu kuwa, ya kama kunnena ya ce in na kuskura na faɗa, zai aika ni kiwon awaki wajen wanda ya sayi akori-kurar.

"Yaro ya tara guminsa ya saya maka abu, ka ce masa abin yana da aibi? A gidan wa aka yi haka?"

Duk lokacin da Kawu ya bugo ya tambayi mota, Kaka sai ya ce ai ba a magana, Allah ya yi albarka. Iya tana gefe tana tsinke zogale tana cewa a gaya masa sanyin ma yana nan.

Ana cikin haka Kawu ya samu hutu ya zo gida. Ya kwana biyu yana zagaya motar da tsumma, Alhamis ta zo ya ce shi zai tuƙa mu tudu, yana so ya ga ubansa yana hirarsa cikin jin daɗi. Na kalli Kaka, Kaka ya kalli hularsa.

Zafi ake yi ranar irin wanda ƙadangare ke ɗaga ƙafa. Muka hau tudu, Kawu ya tsaya, ya ƙara sanyi, ya kwantar da kujerarsa. Kaka ya kai hannu wajen maɓallin kashewa a hankali, Kawu ya riƙe hannun.

"Haba Baba, bar ta. Ai don wannan na saye ta. Da kana hira gumi na zuba a ido, yanzu ka yi abinka cikin sanyi kamar minista."

Kaka ya janye hannu. Ya ɗauki abin sawa a kunne, wanda rabonsa da shi tun ina firamare, ya rufe kunnuwansa don kada Kawu ya ji abin da ke fita. Ni ina baya, kaina kusa da nasa, ina jin suyar tana tsiyayowa ta gefen kunnen. Ya kira haruffan abokinsa, ya saki maɓalli, ya saurara yana gyaɗa kai. Babu abin da yake ji, na sani, shi ma ya san na sani. Amma shekara da shekaru suna hira ɗaya, ya haddace inda kowace magana take faɗawa. Sai ya ƙiyasta tsawon gaisuwar abokin, ya danna ya amsa.

"Ina nan daram, sai dai ka riga ni."

Ya saurara kuma. Wannan karon ta cikin ƙarar na ji kamar ana magana mai tsawo, sama-sama, kamar mutum a ƙasan rijiya. Kaka ya jira har ya ga kamar an gama.

"To madalla, madalla. Haka ake so. Mu ma nan sai godiya, ga yaron nan ya zo daga Yamai, ina cikin sanyi ina magana da kai."

Kawu ya yi murmushi har kunne. Ni kuwa na cusa hula a baki don kada dariya ta fito, don a lokacin abin dariya ne a wurina. Kaka ya yi ta yi, ya yi dariya inda ya saba dariya, ya ce "kai dai ba ka canzawa" inda ya saba faɗa. Daga ƙarshe ya rufe yadda yake rufewa: a gaida mai ɗaki, a ce mata bana cukunsa ya yi jinkiri.

Ya cire abin kunnen, gumi ya jiƙa masa wuya duk da sanyin. Kawu ya tambaya ya mutumin yake, Kaka ya ce lafiya ƙalau.

Muna gangarowa inda rezo ke kamawa wayar Kaka ta yi ƙara. Wayarsa kuwa irin ta tsofaffi ce, in ana magana har na bayan mota yana ji. Malamin Damagaram ne, ko sallama bai gama ba.

"Alhaji, lafiyarka kuwa? Me ka sha yau?"

"Me ya faru?"

"Mutum yana gaya maka matarsa ta rasu shekaranjiya, ya maimaita maka, kana ce masa madalla haka ake so? Na yi ta kiranka in tsayar da kai, ba ka ji. Har da cuku, Alhaji!"

Kawu ya taka birki a tsakiyar hanya. Kaka ya riƙe wayar a kunne bayan an kashe, yana ta salati a hankali. Ni hular tana hannuna, jiƙe da miyau, na rasa inda zan ajiye ta.

Kawu ne ya fara magana. "Baba, ba ka jin sa ne?"

"Ba na ji."

"Tun yaushe?"

"Tun da ta zo. In tana kunne ba na jin kowa."

"Shi ne ba ka faɗa ba? Kullum ina tambayarka!"

"Kyauta ce."

Kawu ya juyo kaina. "Kai ma ka sani?" Na ce an yi mini alkawarin kiwon awaki. Bai yi dariya ba. Ya juya mota ya ce mu koma tudu yanzu, Kaka ya ce ba amfani, mutumin ya kashe nasa, faifan ranarsa ba ya kai shi magariba.

A gida Iya ta ji labari ta ajiye ludayi. Ta san matar, sun taɓa zama gida ɗaya can arewa suna amare. Ta yi kuka, ta share ido, sannan ta juya kan Kaka ta wanke shi tas a gaban kowa. Ta ce ya ji kunyar ɗan da ya haifa, ya je ya yi abin da zai ji kunyarsa har kabari. Ranar Kaka ko tuwon bai taɓa ba.

Da safe Kawu ya tafi garaji ya dawo da batirin babbar mota, wanda nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi. Ya kwance rediyon daga motar da hannunsa. Bayan Juma'a muka koma, ya ajiye motar can ƙasa ya kashe ta, muka hau da ƙafa, shi da rediyo da eriya, ni da batir a ka. Na tabbata wuyana ya ragu da ɗan yatsa a ranar, har yanzu rigunana suna yi mini yawa ta sama. Muka shimfiɗa tabarma gindin wata aduwa. Iska ta fito fes, har muna jin wasu Larabawa suna gardama a wata duniya.

Kaka ya yi ta kira. Babu amsa. Ba ranar haɗuwarsu ba ce, kuma mai zaman makoki ba ya barin mutane a ƙofar gida ya je ya zauna gaban rediyo. Duk da haka Kaka ya danna ya yi ta'aziyya cikakkiya, ya yi wa marigayiya addu'a, ya nemi gafara. Malamin Damagaram ne kaɗai ya ce amin.

Alhamis ta zagayo, shiru. Wadda ta biyo ta ma shiru. Kawu ya koma Yamai, amma kullum sai ya bugo, kuma ya daina tambayar mota, sai dai ya ce: "Ya fito?" Malamin Damagaram ya ce wataƙila batirin mutumin ne ya lalace. Kaka ya ce ya san batirin, ya kuma san mai shi. Ranar kasuwa ya sayi sukari da shayi, Iya ta ƙara da turare, aka ba direban da ke zuwa Taskar, aka ce ya ba wani ya ƙarasa da shi rijiya. Kaka ya tsayar da direban a bakin tasha yana koya masa abin da zai faɗa, har fasinja suka fara zagi.

Muka ci gaba da hawa tudu duk mako. Kaka ya rage wasa da ni. Ko na kira shi tsoho mai ran ƙarfe sai ya ce uhm. Wani lokaci ya kira sau ɗaya ya zauna yana kallon awakin da ke gangara kwari, har lokaci ya wuce mu naɗe tabarma.

Ana gab da damina, wata Alhamis da hadari ya sa rediyo ke ta ƙas-ƙas, Kaka ya kira, sai muryar ta fito, ƙasa-ƙasa fiye da da.

"Ina jin ka."

Kaka ya gyara zama ya cire hula ya mayar. Ya yi sallama, ya fara bayani, ya ce mota ce, irin ta zamani, batirinta ke toshe masa kunne.

"Motar ce ta ce madalla?"

Kaka ya danna. "A'a. Ni ne."

"To."

Sai Kaka ya yi ta'aziyyar daga farko, kamar yanzu aka yi rasuwar. Ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba da danganar rashi. Mutumin yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, amin, amin, na gode. Ya ce saƙo ya iso, a yi wa Iya godiya. Ya ce ranar nan ya zauna gaban rediyo ne don a duk duniya Kaka ne ya rage wanda ya san ta tun tana yarinya. Kaka ya ce ya sani. Malamin Damagaram, wanda bai taɓa iya yin shiru ba, ranar ko tari bai yi ba. Daga nan mutumin ya tambaya ko an yi ruwa a Gure, Kaka ya ce ana dai hadari, mutumin ya ce su ma haka, suka yi sallama.

Kawu ya so ya karɓi motar ya sauya wata, Kaka ya hana, Iya ma ta ce sai dai a bi ta kanta. Tana nan, ita ke kai Iya asibiti da gidajen suna, ita ke kai mu gindin tudu a kashe ta. Rediyo bai sake shiga cikinta ba sai a kwali. Kaka da abokinsa suna magana duk Alhamis har yanzu, sai da lokacin girbi ya wuce kafin mutumin ya sake kiransa Bahaushen kwari, kuma hirar ba ta koma tsawonta na da ba.